Yanda zaka zaɓi kwas a makarantar kiɗa da rawa ba tare da ka yi zaɓen tumun dare ba

Duk wanda ya taɓa buɗe jerin kwasa-kwasan wata babbar makarantar kiɗa da rawa ya san yanda kai ke juyewa. Sunaye ne birjik, wannan na kiɗan jaz, wancan na tsara rawa, wani na koyarwa, wani ma sunansa kaɗai sai ka karanta sau uku kafin ka gane ina ya dosa, kuma kowanne an yi masa ado da hoton ɗalibai suna murmushi. To shawarata ita ce ka manta da sunan kwas tukuna, ka nemi jadawalin mako ɗaya na ɗalibin da yake cikinsa. Abin da zaka riƙa yi daga safe zuwa yamma shekara uku ko huɗu, shine kwas ɗin, sauran duk talla ce.

Amma bari mu fara da irin makarantar kanta, don mutane suna haɗa ta da sashen nazarin kiɗa na jami'a kuma ba ɗaya ba ne. A jami'a yawanci karatu ake yi a kan kiɗa, tarihinsa da nazarinsa da rubuce-rubuce, kiɗan kansa yana zuwa ne a matsayin wani ɓangare. Ita kuwa wannan makaranta ta horo ce, ana son ka fito ka iya abin da hannunka ko muryarka ko jikinka, har a biya ka kuɗi ka hau dandamali. Tsarin ya daɗe, ta birnin Paris an kafa ta tun 1795 kuma har yau kiɗa da rawa duka take koyarwa, shahararren mai tsara kiɗa Mendelssohn ya kafa ta Leipzig a Jamus a 1843, Juilliard ta New York ta samo asali a 1905 sannan ta buɗe sashen rawa a 1951, ita kuma Trinity Laban ta Landan a 2005 aka haɗe makarantar kiɗa da ta rawa suka zama ɗaya. Idan abin da kake so shine ka yi rubutu da bincike a kan kiɗa, to jami'a ta fi maka, kar ka wahalar da kanka.

Matakin da kake

Yawancin makarantun nan suna da hawa-hawa. Akwai sashen yara da matasa, wanda sau da yawa ranar Asabar ko da yamma ake yinsa, yaro yana makarantarsa ta boko yana zuwa nan yana ɗaukar darasi. Akwai digirin farko, na kiɗa a Ingila da Amurka galibi shekara 4 ne, na rawa a Ingila kuma shekara 3. Sai mastas, shekara ɗaya ko biyu, sai wata difloma ta ƙwararru da ake ba waɗanda suka riga suka yi nisa suna shirin shiga gasa ko neman gurbi a okestira, wato babbar tawagar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri. A gefe kuma akwai gajerun kwasa-kwasai na manya da na lokacin hutu, su ba ruwansu da odishin, wato gwajin da ake yi wa mai neman shiga, ka biya ka shiga.

Abin da mutane da yawa ba sa son ji shine digirin farko ba wurin fara koyo ba ne. Ba a shiga don a koya maka yanda ake riƙe gita. Waɗanda ake ɗauka sun riga sun yi shekaru suna abin, a tsarin jarrabawar kiɗa ta Birtaniya ta ABRSM mai mataki 8, wadda aka kafa hukumarta a 1889, ana sa ran mai neman shiga ya kai mataki na 8 ko ma ya wuce, ko da ba a ce sai ya nuna satifiket ba. Don haka in kai sabon shiga ne, ba abin kunya ba ne, gajeren kwas ko shekarar share fage zaka nema, ka gina kanka, sannan ka dawo.

Ɓangaren kiɗa

Komai a nan yana zagaye ne da abu guda, babban darasinka, wato kayan kiɗan da ka shiga da shi ko muryarka. Sau ɗaya a mako zaka shiga ɗaki kai kaɗai da malami, kamar awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi, ya saurare ka, ya tsayar da kai, ya gyara maka zaman yatsa, ya ce sake, ka sake, ya ce sake. Sauran kwanakin kai da ɗakin atisaye ne. To kaga wannan malamin, gaskiya shine rabin karatunka, kuma ni a ganina gara ka je makarantar da ba ta yi suna sosai ba wurin malamin da kuka fahimci juna, da ka je mai suna ka faɗa hannun wanda kullum yana kan hanyar tafiya wasa wata ƙasa, sai mataimakinsa kake gani. Makarantu da yawa suna yarda ka nemi darasin gwaji da malami kafin ka cike fom. Ka nema. Ka lura ko yana bayani ne ko kawai yana kaɗawa ya ce yi kamar haka, ka lura ko bayan awa ɗaya wani abu ya canza a kiɗanka.

Kayan kiɗan an kasa su gida-gida. Na tsirkiya, su bayolin da biyola da celo da dabulbas, da gita da haf. Na busa na katako, sarewa da obo da kilarinet da basun. Na tagulla, tirampet da hon da tirambon da tuba. Na bugu, su timfani da marimba da sauran ganguna. Sai fiyano da ogan. Akwai wani lissafi da ya kamata ka yi tun da wuri, babbar okestira tana iya ɗaukar masu bayolin kusan 30 amma mai tuba ɗaya ne tak, masu sarewa kuma biyu zuwa huɗu, kuma makaranta tana ɗaukar ɗalibai ne daidai da yanda zata cike nata okestirar. Shi ya sa sarewa ke da cunkoso, masu nema da yawa gurbi kaɗan, su biyola da basun da dabulbas kuwa galibi masu neman ba su kai haka ba. Ban ce ka canza kayan kiɗanka saboda wannan ba fa, amma mai bayolin da hannunsa ke da girma kuma yake son amo mai kauri, ya ɗan gwada biyola, ba asara.

Kwas ɗin murya nasa daban ne. Murya ba ta nuna da wuri, musamman ta maza masu kauri, shi ya sa mawaƙan ofera, wato wasan kwaikwayon da ake yinsa da waƙa, da yawa sai a matakin mastas suke fitowa sosai. Kuma kar ka ɗauka waƙa kawai zaka yi, akwai darasin furuci na Italiyanci da Jamusanci da Faransanci, akwai wasan kwaikwayo, akwai motsa jiki a dandamali. Za a saurare ka a sa ka a rukuninka, sofirano ko mezo ko alto, tena ko bariton ko bes, kuma wani lokacin abin da kake zaton kai ne ba shi ba ne, sai malami ya ce ai kai bariton ne kake ta matse maƙogwaro kana bin tena.

Sai masu tsara kiɗa. Su fotfoliyo ake nema a wurinsu, rubutattun ayyuka biyu ko uku, in da hali da rikodin ɗinsu. Amfanin yin wannan kwas a makarantar da ke haɗe da rawa babba ne, tunda ga masu kaɗawa ga masu rawa a gini ɗaya, abin da ka rubuta yau gobe kana iya jin sa a hannun mutane na gaske, ka gane cewa abin da ya yi daɗi a kwamfuta mai busa ba zai iya ba don babu inda zai ja numfashi. Jagorancin okestira kuma yawanci sai a mastas ake shiga. Jaz sashensa daban, can ƙirƙira nan take ce kan gaba, zaka haddace waƙoƙi masu yawa ka iya juya su a kowane makulli, wato ko an ɗaga amon ko an sauke shi, ka riƙa sauraren rikodin kana kwafe abin da manya suka busa nota bayan nota. Akwai kuma tsohon kiɗan Turai na zamanin su Bach, da kayan kiɗan lokacin, har ɗaurin tsirkiyarsu daban, yawanci suna saita amon notar A ƙasa kaɗan, a kan girgiza 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba. Wasu makarantun sun ƙara da haɗa sauti a situdiyo, da kiɗan fim, da kiɗan gargajiyar ƙasarsu.

Kwas ɗin koyarwa mutane suna raina shi, kamar na wanda ya kasa ne. Kuskure ne babba. Kusan duk wanda ya fito daga makarantar nan sai ya koyar, ko ya so ko bai so ba, to me zai hana ka koya yanda ake yi? A nan ne zaka haɗu da hanyoyin Kodály da Orff da Dalcroze da Suzuki, kowanne da yanda yake shigar da yaro cikin kiɗa, wani ta waƙa, wani ta bugu, wani ta motsin jiki, wani ta kunne kafin ido.

Yanzu ga inda ake kayar da mutane. Darussan da ke rakiyar babban darasi, wato horon kunne, da ilimin haɗa amo, da tarihi, da ɗan fiyano da ake tilasta wa kowa ko da mai ganga ne. Horon kunne musamman. Ga yanda yake, malama tana zaune a fiyano, ta ba ku notar farko, ta kaɗa wani ɗan kari mai gaɓa takwas, ta yi shiru, ku kuma kowa da fensir da takarda mai layi biyar-biyar zai rubuta abin da ya ji. Ta sake kaɗawa sau biyu ko uku, shikenan a karɓi takarda. Sai ka ga wanda jiya ya girgiza zaure da bayolin yau yana ta goge takarda har ta huje. Bayan wata biyu kari biyu ne a lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sannan a miƙo maka waƙar da baka taɓa gani ba a ce rera, da do re mi ɗin nan da asalinsa ke komawa ga wani malamin kiɗa na Italiya, Guido na Arezzo, tun ƙarni na 11. Maganin abin ɗaya ne, ka fara tun yanzu, minti goma sha biyar kullum, ka riƙa rera tazarar da ke tsakanin nota biyu, ka ɗauki waƙar da ka sani ka gwada rubuta ta ba tare da taɓa kayan kiɗa ba. Kullum kaɗan-kaɗan ya fi awa uku ranar Lahadi.

Ɓangaren rawa

A nan tambayar farko bale ne, wato tsohuwar rawar Turai mai tsauraran ƙa'idoji, ko rawar zamani, kuma shekarunka ne zasu amsa rabinta. Bale na sana'a da ƙuruciya ake fara shi, makarantar Vaganova ta Rasha, wadda tarihinta ya faro tun 1738, tana ɗaukar yara ne wajen shekara 10, kuma yarinya ba a barin ta hau takalmin tsini sai wajen 11 ko 12 lokacin da ƙafa da gwiwa suka yi ƙwari. Wanda ya kai 18 bai taɓa yi ba, gaskiya ƙofar manyan kamfanonin bale ta yi masa wuya. Rawar zamani ta fi sassauci, mutane da yawa sun shigo ta a makare, daga wasan motsa jiki ko rawar titi, kuma sun yi fice.

Amma ko rawar zamani ka zaɓa, bale zai biyo ka, don yawancin makarantu da shi ake buɗe yini. Kamar awa ɗaya da rabi, a fara a jikin sandar da ke manne da bango, hannu ɗaya a kai, a durƙusa a hankali a miƙe, a zame ƙafa a kan daɓe har yatsu su yi tsini a dawo da ita, dama sannan hagu, mai fiyano yana gefe yana bin ku, malami yana yawo yana ɗan taɓa kafaɗar wannan yana tura ƙugun wancan. Daga nan a koma tsakiyar ɗaki babu abin riƙewa, juyi, sannan tsalle ƙanana, a ƙare da manyan tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa. Tsayuwar ƙafa biyar da ake ta maimaitawa tun zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa suke, shi ne ya kafa makarantar rawa ta fada a 1661. Kuma kalmomin duk Faransanci ne, ko a wace ƙasa kake.

Bayan an ɗan huta sai ajin rawar zamani, kuma a nan ya kamata ka duba wace hanya makarantar ke bi. Ta Martha Graham a ƙasa ake farawa, a zaune, ana tattare ciki ana sakewa tare da numfashi, tana da ƙarfi da zafi. Ta Merce Cunningham ƙafafu kamar na bale amma gadon baya yana lanƙwasa ta kowace fuska. Ta José Limón nauyin jiki ake bari ya faɗi sannan a taro shi. Ta Lester Horton, wadda shahararren mai tsara rawa Alvin Ailey ya taso a cikinta, layuka ne miƙaƙƙu da ƙarfin cinya. Akwai kuma ta sakin jiki da makarantun Turai da yawa suka fi so yanzu. A Senigal, Germaine Acogny ta gina tata hanyar a kan rawar Afirka da motsin ƙashin baya, ana koyar da ita a makarantarta École des Sables. Ka zauna ka kalli bidiyon kowacce, jikinka zai gaya maka wadda yake so. Da rana kuma sai ƙirƙira nan take, da tsara rawa, da rihasal, da ilimin sassan jiki. Wasu wuraren har rubuta rawa ake koyarwa da alamomin da Rudolf Laban ya fitar a 1928, ko na Benesh na shekarun 1950. In kana son rawa amma ba lallai ka hau dandamali ba, akwai kwas na koyarwa, da na kimiyyar rawa inda ake nazarin rauni da horon jiki, da na rawa da jama'a wato aiki da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Odishin

A makarantu da yawa yanzu da bidiyo ake fara tacewa. Ka karanta ƙa'idar sau biyu, in an ce ɗauka ɗaya ba yanka to kar ka yanka, ana ganewa. Ka ajiye kyamara inda za a ga hannayenka da fuskarka, in rawa ce a ga jikinka duka har tafin ƙafa, kuma ka nemi ɗaki mara amsa kuwwa. Waya mai kyau ta isa, ba sai ka ɗauko situdiyo ba.

Ga mai kiɗa galibi kiɗa biyu ko uku ake nema masu bambanci, ɗaya mai sauri ɗaya mai sanyi, daga zamani daban-daban, wani lokacin da wanda su suka zaɓa. Kar ka ɗauko mafi wuya don ka burge, ka ɗauko wanda ko an tashe ka daga barci zaka kaɗa shi tsaf, don alƙalan sun ji waccan mai wuyar sau ba adadi kuma sun san duk inda ake tuntuɓe. In sun tsayar da kai a tsakiya kar gabanka ya faɗi, lokaci ne ba su da shi. Za a iya ba ka takarda ka kaɗa nan take, a gwada kunnenka, sannan ɗan intabiyu. Ga mai rawa aji ne za a yi da ku gaba ɗaya, an manna maka lamba a ƙirji, bale da na zamani, sai ɗan solo, wato rawarka kai kaɗai, na minti ɗaya ko biyu, da ƙirƙira. Abin da suke kallo sosai shine in an yi maka gyara, ka ɗauka ko baka ɗauka ba. Malami ya ce sauke kafaɗa, a zagaye na gaba idonsa na kanka. Kuma kar ka ɓuya a layin baya, kar kuma ka yi ta ture mutane don ka tsaya gaba. Wasu makarantun suna sa likitan gaɓoɓi ya duba ka, in kana da tsohon rauni ka faɗa dan Allah, ɓoyewa kai zai cuta.

Kafin ranar, ka tara mutane ko biyar ne ka yi a gabansu, da kayan da zaka sa, daga shigowa har fita. Hannun da ke rawa saboda tsoro sai an saba masa.

In ka samu zuwa ranar da suke buɗe ƙofa ga baƙi, ka bar jami'an talla ka kama ɗalibin shekara ta biyu ka tambaye shi. Ɗakunan atisaye nawa ne kuma ana samu ko sai an yi asubanci? Awa nawa ake samu da malami kai kaɗai a shekara, a rubuce? Mai raka ka da fiyano makaranta ce ke biya ko kai? Ɗan shekarar farko yana hawa dandamali ko sai manya? Daɓen ɗakin rawa mai ɗan lotsawa ne ko siminti aka lulluɓe, don tsalle a kan daɓe mai tauri shine ke cinye gwiwa da ƙwauri. Akwai likitan gaɓoɓi a cikin makaranta? Masu zama gaban tirampet da ganguna ana ba su abin toshe kunne? Wannan ba wasa ba ne, ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti in ana daɗewa a cikinta kullum tana lalata ji, kuma okestira tana wuce haka cikin sauƙi. Ka kuma tabbatar takardar da zasu ba ka digiri ce da hukumar ilimi ta ƙasar ta amince da ita, don akwai masu ba da difloma ta cikin gida wadda in ka tashi yin mastas wani wuri sai a ce ba a san ta ba.

Maganar kuɗi kuma ka yi ta tun farko. Sikolashif a irin makarantun nan yawanci daga odishin ake yanke shi, wato yanda ka yi a ɗan lokacin odishin ɗin nan shine zai sa a rage maka ko a'a, kuma akwai irin Curtis ta Philadelphia da ba ta karɓar kuɗin karatu daga duk wanda ta ɗauka tun 1928, sai dai shigarta sai wane da wane. Ka lissafa da abubuwan da ba sa cikin fom, tsirkiya da gyaran kayan kiɗa da inshora, ko takalman rawa da ke mutuwa da sauri, da kuɗin fom ɗin kansa da na tafiya odishin.

Sai lokaci, wanda shi ke cin mutane da yawa. Makarantun nan suna rufe karɓar fom da wuri fiye da jami'o'i, a Ingila na kiɗa farkon Oktoba ne ta tsarin UCAS, hukumar karɓar fom ɗin shiga manyan makarantu, ɓangarenta na makarantun horo, a Amurka da yawa farkon Disamba, kuma duk na shiga a shekara mai zuwa ne. Wato in kana son farawa a Satumbar baɗi, to kafin Satumbar bana ya kamata ka zaɓi kiɗan da zaka yi, ka samu malamai biyu da zasu rubuta maka takardar shaida, ka ɗauki bidiyon gwaji ko sau ɗaya ka kalla. Ka nemi makarantu uku zuwa biyar masu bambancin wuyar shiga, kuma ka jera abin da kowacce ke nema a takarda ɗaya, sau da yawa zaka ga kiɗa biyu ko solo ɗaya zai iya yi maka aiki a dukkansu.